Kiran da Aka Naɗa a Faifai

A rumbunan adana sauti na duniya akwai wani rukuni da ba waƙa ba ne, ba kuma jawabi ba, wato kiraye-kiraye. A cikinsa za ka tarar da busar begilar soja, da kukan tsuntsaye, da rurin zaki, da hayaniyar kwaɗi da damina. Mai karatu zai ce, me ya haɗa begila da tsuntsu? Ai duka biyun gajeren saƙo ne da ake aika wa wani takamaimai, ana kuma jiran ya amsa. Waƙa kana iya jin ta ka ci gaba da zamanka. Kira kuwa, da zarar ya shiga kunnen wanda aka nufa sai ya motsa: soja ya zabura daga barci, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin uwarsu don ta hango shirwa.

Begila ba ta da maɓallai. Da leɓe da numfashi mai busa ke fitar da sautuka kamar biyar, kuma da waɗannan biyar ɗin aka tsara kiran tashi, da na abinci, da na kai hari, da na kashe fitila, tun kafin a san rediyo a fagen fama.

Naɗar kiran soja da ta kukan tsuntsu kusan tare suka faro. A 1889, wani yaro ɗan shekara takwas a Frankfurt ta Jamus, Ludwig Koch, ya naɗi kukan wani tsuntsun Indiya mai suna shama a faifan kakin zuma, kuma shi ake ɗauka a matsayin kukan tsuntsu mafi daɗewa da aka adana. Shekara guda bayan haka, a Landan, aka sa Martin Lanfried, ɗaya daga cikin masu busar rundunar dawakin Ingila da ta afka wa igwogin Rasha a Balaklaba a 1854, ya busa kiran kai hari a gaban na'urar naɗar sauti ta Edison. An yi haka ne don tara kuɗin taimaka wa tsofaffin sojojin wannan runduna da talauci ya kama. To, a 1854 mahaya sama da 600 ne suka sukwani dawakinsu zuwa bakin igwa, amma a 1890 busar ta tashi, ba wanda ya ko gyara zama. Sautin na nan daram, umurnin da ke cikinsa ya tafi.

A nan matsalar wannan fanni take. Faifai na raba kira da mai kiran. Bahaushe ya san haka ba sai an faɗa masa ba: jin kakaki a ƙofar fada na nufin sarki ya fito, amma jin sa a wayar wani a tasha ba ya sa kowa ya miƙe. Malaman fiƙihu ma da yawa sun tafi a kan cewa kiran sallar da aka naɗa ba ya wadatarwa a madadin ladan, domin ibada ce da ke buƙatar mai yi da niyyarsa.

Amurka ta yi karo da wannan tambaya ta wata fuska. Tana da busar bankwana mai sautuka 24 da ake kira Taps, wadda Janar Daniel Butterfield ya daidaita a 1862 lokacin yaƙin basasarsu. Doka ta tanadi a busa ta a jana'izar tsohon soja, sai dai masu busa sun yi ƙaranci, aka koma kunna faifai a bakin kabari. Iyalai ba su ji daɗin haka ba. A 2003 ma'aikatar tsaro ta amince da wata dabara: begila ta gaske da aka cusa wa 'yar na'ura a baki, soja ya ɗora ta a leɓe, ya danna, sautin ya fito. A ganina wannan ya fi faifan muni, domin faifai dai bai ɓoye cewa faifai ne ba. Gwada da garin Ypres na Beljiyam, inda tun 1928 'yan kwana-kwana ke yin busar bankwana mai suna Last Post da bakinsu kowane dare da ƙarfe takwas a Ƙofar Menin, in ban da shekarun mamayar Jamus.

Tsuntsu kuwa bai san faifai ba, shi ya sa yaudarar ta fi yi masa illa. Masu sha'awar kallon tsuntsaye kan kunna kukan namiji don su jawo shi fili. Shi kuma ya bar sheƙa da neman abinci ya fito faɗa da abokin gabar da babu shi. Wasu gandun daji sun hana wannan ɗabi'a, kuma sun kyauta.

Kada a ɗauka ina ƙin naɗar ne. A tsibirin Kauai na Hawai akwai wani tsuntsu, o'o, da namiji da mace ke kuka suna karɓa wa juna. A 1987 aka ji shi na ƙarshe, a 2023 hukumomin Amurka suka ayyana cewa ya ƙare. Ba don faifan da ke ɗakin adana sauti na Jami'ar Cornell ba, da ba mai sanin muryarsa yau. Tsuntsun huia na New Zealand ko wannan bai samu ba, don rabon da a tabbatar da ganinsa tun 1907. Abin da ya rage shi ne fiton wani dattijo ɗan ƙabilar Maori, Henare Hamana, wanda ya kwaikwayi kukan a ƙarshen shekarun 1940 kamar yadda ya riƙe shi tun ƙuruciya.

Saboda haka ma'aunin faifan kira ba daɗin sauti ba ne kaɗai. Ana duba ko an rubuta wanda ya yi kiran, da wuri, da lokaci, da abin da ya biyo baya. Faifan da ya cika waɗannan sharuɗɗa shaida ne da masu bincike za su dogara da shi. Wanda aka kunna don ya tsaya a madadin mai kira, a maƙabarta ne ko a daji, an sa shi aikin da ba nasa ba.