Awartakin Farko: Nazari Kan Al'adar Gina Manhaja Daga Tushe

Maƙeri ba ya ƙera awartaki sai da wani awartakin a hannunsa. Wannan ita ce matsalar da ke jiran duk wanda ya zauna zai gina CMake ko GNU Make daga rubutun asali, domin su kansu kayan aikin da ake harhaɗa wasu manhajoji da su ne. Stuart Feldman ya ƙirƙiro Make a Bell Labs a 1976, kamfanin Kitware kuma ya fito da CMake a 2000. Masu CMake sun warware matsalar da wani ɗan rubutu mai suna bootstrap: yana fara gina ƙaramin CMake, tsirara, da kwamfailar C++ (manhajar da ke fassara rubutun asali zuwa abin da na'ura ke gudanarwa) da Make ɗin da ya tarar a na'ura, sannan wannan ƙaramin ya gina cikakken. GNU Make ma yana zuwa da build.sh saboda wanda ba shi da Make ko kaɗan. Gina daga tushe al'ada ce da take raguwa, kuma ina ganin raguwar tata asara ce, domin matakin gini shi ne wurin da ido ya fi ƙaranci a duk rayuwar manhaja.

Masu suka suna cewa ɓata lokaci ne, tunda Debian da Ubuntu sun riga sun shirya komai, umarni ɗaya ya wadatar. A yawancin ranaku suna da gaskiya. Sai dai tsarin da aka yi don ya daɗe ba ya saurin sauya kayansa: Ubuntu 22.04 ya zo da CMake 3.22, kuma a nan yake tsaye, alhali sabbin ayyuka kan rubuta a layinsu na farko cewa sai wanda ya fi haka. Mai na'ura ko dai ya ɗauko ginanne daga waje ya yarda da shi ido rufe, ko ya gina da kansa.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ken Thompson ya nuna a laccarsa da aka buga a 1984 cewa kwamfaila tana iya ɗauke da mugun abu, ta riƙa dasa shi a duk abin da ta gina, har da magajiyarta, ba tare da alama a rubutun asali ba. To ina amfanin karanta tushe? Abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024 ya ƙara wa wannan tambaya ƙarfi. An dasa ƙofar ɓoye a siga ta 5.6.0 da 5.6.1, kuma makullinta yana cikin wani fayil na gini, build-to-host.m4, wanda yake cikin ƙunshin da ake rabawa amma babu shi a rumbun aikin na fili. Wanda ya gina daga wannan ƙunshi bai tsira don ya gina da hannunsa ba. Amma a lura da inda ɓarawon ya zaɓa ya laɓe: wurin da ya tabbatar kowa yana wucewa a guje. Ba a gano shi ba sai da wani injiniya, Andres Freund, ya ƙi yarda da jinkirin kusan rabin daƙiƙa da ya gani wajen shiga ta SSH, ya bi sawu har gindi. Gina daga tushe bai zama garkuwa ba, amma shi ne yake samar da mutanen da suka san yadda lafiyayyen gini yake kama. Kuma damuwar Thompson ba ta gagari kowa ba: a 2023 masu Guix sun sanar da gina tsarinsu tun daga wani iri mai bayit 357, ƙarami yadda mutum zai iya bin sa da ido.

Inda al'adar ta cancanci zargi shi ne wajen sabuntawa. Mutum ya buga make install, kaya suka watsu cikin /usr/local, manajan kayan tsarin bai san da zamansu ba. Ya tambayi siga, sai tsohuwar lamba ta fito, saboda manhajar karɓar umarni (shell) ta riƙe tsohuwar hanya, ko jerin PATH ya sa /usr/bin a gaba. Bayan shekara ya ɗora sabo a kan tsoho, ragowar fayiloli suka cakuɗe. Sabo ma ba kullum yake alheri ba: CMake 4.0 na 2025 ya daina karɓar ayyukan da suka ce suna bin ƙa'idar ƙasa da 3.5, tsofaffin ayyuka da yawa suka tsaya cak. Wannan sakacin mai gini ne, kuma maganinsa yana cikin kayan: a ba kowace siga ɗakinta da --prefix, a adana install_manifest.txt da ke lissafa duk abin da aka ajiye, a bar tsohuwar a wurinta har sai sabuwar ta gina aikin da ake ci da shi daga farko zuwa ƙarshe.