Bita: Douglas Jardine a Alƙalamin Christopher Douglas

Duk wanda ya san tarihin wasan kurket ya san sunan Douglas Jardine, kuma yawanci da mugun tambari ya san shi. Littafin Christopher Douglas mai suna Douglas Jardine: Spartan Cricketer, wanda ya fito a 1984, ya yi ƙoƙarin ciro mutumin daga ƙarƙashin wannan tambari, kuma a ganina ya yi nasara.

An haifi Jardine a Bombay a 1900, iyayensa 'yan asalin Sikotlan ne. Yana yaro aka tura shi wurin 'yar'uwar mahaifiyarsa a St Andrews, daga nan sai makarantar Winchester da jami'ar Oxford. Marubucin ya nuna yadda wannan tarbiyya ta horo da haɗiye ciwo ta gina mutum mai kamewa, wanda jama'a suka ɗauka girman kai ne ke damunsa.

Zuciyar littafin ita ce tafiyar Ostareliya ta 1932 zuwa 1933. Don Bradman na Ostareliya ya ci maki 974 a karawarsu da Ingila a 1930, kowa ya rasa yadda zai yi da shi. Jardine, a matsayin kyaftin ɗin Ingila, ya sa Harold Larwood ya riƙa jefa ƙwallo da tsananin gudu yana saitin jikin mai bugu. A Adelaide ƙwallo ta daki Bill Woodfull a ƙirji, ta kuma tsaga ƙoƙon kan Bert Oldfield, dukansu 'yan wasan Ostareliya. Ingila ta ci wasa huɗu, Ostareliya ɗaya, amma zumuncin ƙasashen biyu ya girgiza.

Inda littafin ya fi kama ni shi ne wasan da aka buga a filin Old Trafford a 1933. 'Yan West Indies, Constantine da Martindale, suka juya wa Jardine dabararsa. Ya tsaya ƙyam, ƙwallo na dukan haƙarƙarinsa, bai ja da baya ba har ya ci maki 127. Wanda ya karanta wannan zai daina ce masa matsoraci mai tura wasu gaba, ko da bai daina ganin laifinsa ba.

Akwai inda nake ganin tausayin marubucin ya rinjayi hukuncinsa, domin waɗanda suka sha dukan ma suna da hakki. Amma ya kyauta da bai tsaya a filin wasa ba. Jardine ya karanci aikin lauya, ya yi aikin banki, ya je yaƙin duniya na biyu, sannan ya zama darakta a kamfanoni masu filaye a Ostareliya. Harkar kasuwancin nan ce ta mayar da shi ƙasar a shekarun 1950, aka kuma karɓe shi da mutunci fiye da yadda ya zata. Ciwon daji na huhu ya kashe shi a Montreux a 1958, yana da shekara 57.