Muryar Ɗan Sanda Mai Lalura a Adabin Tarihin Kai: Tsokaci Don Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun rikicin Yulin 2009, ɗaliban Maiduguri sun tashi suna ganin 'yan sanda da farar hula da suka rasa gani ko wata gaɓa. A Umarari, harin da aka kai masallaci a Maris 2016 ya ci rayuka fiye da 20, ya kuma bar wasu da raunuka. Manhajar adabin Hausa kuwa ta fi karkata ga ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Wannan tsokaci zai dubi littattafan wasu 'yan sanda biyu da suka nakasa a bakin aiki, domin gano yadda ya kamata a koyar da irin wannan rubutu.

2.0 Marubutan

An harbi Steven McDonald a birnin New York na Amurka a 1986, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ya yafe wa yaron da ya harbe shi, kuma a 1989 aka buga The Steven McDonald Story. Ya rasu a 2017. Shi kuwa David Rathband na Ingila, harbi ne ya makantar da shi a 2010. Ya fitar da Tango 190 a 2011, sunan da ya ɗauko daga lambar kiransa ta rediyon aiki.

3.0 Jigo da Murya

Malami zai yi saurin cewa jigon littattafan shi ne haƙuri da cin nasara a kan lalura. Wannan hukunci ya yi gaggawa, domin Rathband ya kashe kansa a Fabrairun 2012, ƙasa da shekara ɗaya da fitowar littafinsa. Tarihin kai yana tsayawa ne inda marubuci ya ga dama, rayuwa kuma ta ci gaba. Ɗalibin da aka koya wa cewa babin ƙarshe shi ne warkewa zai ɗauka maƙwabcinsa mai rauni ya daina buƙatar kulawa.

Batu na biyu shi ne murya. Dukkan littattafan an rubuta su ne da taimakon wani marubuci, don haka tilas a tambayi wane ne ya zaɓi abin da aka faɗa da abin da aka bari. Adabinmu ya san wannan matsala: Baba ta Karo ta ba da labarinta da Hausa, Mary Smith ta fitar da shi da Turanci a 1954. Haka nan, ana nazarin Imfiraji na Aliyu Namangi saboda hikimarsa da karinsa, makantarsa ba ta zama jigon darasi ba. Ma'aunin da ya dace da ɗan sanda marubuci ke nan.

4.0 Shawarwari

Ya kamata masu tsara manhaja su ba tarihin kai gurbinsa a ƙarƙashin zube a babbar sakandare. A tattara labaran jami'an da suka ji rauni a Borno daga bakinsu, da yardarsu, a kuma karanta musu rubutun kafin a buga. Tambayoyin jarrabawa su dogara a kan salo da zaɓen kalmomi da tsarin labari, kada su tsaya ga tausayi kawai.