Gidan Dabino Ya Koma "Dabino": Matsalar Shafin Manazarta

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri ya san inda jan biro ya fi zuba. Shafin manazarta ne. A nan ake gardamar waƙafi da aya, da inda shekara za ta zauna cikin baka biyu, da sunan littafin da ba a yi da rubutun tsutsa ba. Da wuya ka ji an yi tambayar da ta fi waɗannan nauyi: idan mai karatu ya bi wannan madogara, zai iske abin da aka ce yana wurin?

Tsarin APA, wanda jami'o'inmu da dama ke bi, ya faro ne a Amurka a 1929, a wata muƙala mai shafi bakwai da ta fito a mujallar masana halayyar ɗan Adam. Bugu na bakwai ya fito a 2019. Tsari ne mai kyau ga mutanen da aka ɗinka wa shi, waɗanda ke da sunan dangi guda da ake gada kaka da kakanni, kuma iliminsu na cikin littafi mai shekara da maɗaba'a. Bahaushe kuwa sau da yawa sunansa na ƙarshe na mahaifi ne, ko na gari, ko laƙabi. Haka Aminu Kano ya zama "Kano, A.", Sa'idu Muhammad Gusau ya zama "Gusau, S. M.", sai ka ce taswira ake jerowa.

Da manhaja ta shigo, sai abin ya ƙara taɓarɓarewa. Mu masu rubuta ta mun san ba ta da hankalin kanta, dokar da aka ba ta take bi. BibTeX, wadda ta fito a 1985, idan ba a nuna mata akasin haka ba, kalmar ƙarshe take ɗauka a matsayin sunan dangi. Ka ba ta Ado Ahmad Gidan Dabino, ta miƙo maka "Dabino, A. A. G." Sannan ga ƙugiya. Manhajar da ke jera sunaye bisa lambar harafi kawai za ta kai Ɗangambo bayan Zungur, domin lambar Ɗ ta fi ta Z girma. Wanda ya gaji ya goge ƙugiyar kuma ya raba marubuci ɗaya gida biyu a rumbun bayanai, mai neman Ɗangambo ba lallai ya ga Dangambo ba.

Babbar asarar tana wajen adabin baka. A ƙa'idar APA, hirar da ba a adana ta inda wani zai iya samu ba ana ambatar ta ne a cikin rubutu kawai, ba ta shiga jerin manazarta. Ke nan tsohuwar da ta ba ɗalibi tatsuniya goma ba ta da layi, baturen da ya fassara guda ɗaya yana da shi. Gara ma sassan Hausa da ke ware shafi na waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da garinsu da ranar hirar. Wannan ya cancanci yabo.

Waƙa ma haka. Ɗalibi zai rubuta "Shata, Bakandamiya" ya wuce. Wacce daga ciki? Shata ya rera ta a wurare daban-daban, ɗiyan waƙar suna sauyawa, kuma Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar. Madogarar da ba ta faɗi faifai ko kaset ko gidan rediyon da aka samo waƙar ba, sunanta kawai madogara.

Kada a ce baƙon abu ne a wurinmu. Malaman zaure sun san isnadi tun kafin boko: wane ya ji daga wane, har a kai tushe, sannan a auna amincin kowane mai ruwaya. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukh, yana lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurinsu. Amana ce suke tsarewa. Kyan tsari shi kaɗai ba ya tsare ta. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro. An tsara su tsaf, amma ba a taɓa yin su ba.

Gyaran ba shi da wuya. A Zotero akwai damar shigar da suna a gurbi ɗaya, ba tare da an raba shi ba; a yi amfani da ita. A bar ƙugiya inda take. Wanda ya ɗauko daga Magana Jari Ce ya faɗi shekarar bugun da ke hannunsa tare da ta bugun farko, 1937. Abin da aka samo a intanet a adana kwafinsa a Wayback Machine, don shafi na mutuwa. Sassan Hausa kuma su zauna su fitar da ƙa'ida guda ta rubuta sunayenmu da waƙoƙinmu, wadda editoci da masu manhaja za su bi. Malami mai duba kundi, kafin ka ƙirga waƙafi, ka zaɓi madogara uku ka bi sawunsu ka gani.