Jinjina ga Direbobin Hanyar Maraɗi

Samarin Dutsin-Ma da Kurfi da dama a kujerar motar haya suka fara ganin ƙasar waje. Abokai su yi karo-karo, a bi ta Katsina, a wuce Jibiya, a tsallaka Magama zuwa Ɗan Issa, kafin la'asar ana shan shayi a Maraɗi.

Direbobin nan sun cancanci yabo. Su ke nuna wa baƙo ɗan canji mai amana in zai mai da naira sefa, su ke sanin inda mai ƙaramin guzuri zai kwana. Rufe iyaka a 2023 ya durƙusar da sana'arsu. Ana buɗewa a 2024 suka koma hanya, kuma har yau wasunsu na rage wa ɗalibi kuɗin mota.