Rabi da Kishiyarta a Littafin Alhaki Kuykuyo Ne

A shekarar 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta fitar da littafinta mai suna Alhaki Kuykuyo Ne. Irin littattafan nan ne da fatake ke saro wa a Kano su kai Maraɗi da Damagaram, inda mata ke aron su hannu da hannu. An mai da shi fim, a 2012 kuma aka juya shi zuwa Turanci.

Labarin gidan Alhaji Abdu ne, ɗan kasuwa mai rufin asiri. Matarsa Rabi ta haifa masa 'ya'ya tara, amma kuɗin cefane sai ta roƙa, gama dukiyarsa a waje take ƙarewa. Ya auro Delu, wadda ta daɗe tana zaman kanta. Faɗa ya tashi tsakanin matan, sai ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, da shi ta riƙe su.

Ƙarfin littafin a nan yake. In gida ya watse, mutane sukan ɗora wa kishin mata laifi, su wanke namiji. Marubuciyar ta ƙi wannan. Ta nuna yunwar gidan tun kafin amarya ta shigo, domin mai karatu ya gane ba Delu ce ta fara rushe auren ba. Kishin Rabi na tuwon 'ya'yanta ne da kuɗin makarantarsu. Wadda aka aurar tun tana yarinya, ta kuma ɗanɗana saki da kanta, ba a koya mata yadda bazawara ke lissafin kwabo.

Amma akwai inda hannunta ya yi sanyi. Delu ba ta da wani hali sai mugunta. Ba a faɗi abin da ya fitar da ita daga gidan iyayenta ba, ko wane miji ne ya fara sakinta. Da ta ci amanar Abdu da wani namiji, mai karatu ba ya jin komai sai daɗin ramuwa.

Hukuncin Abdu ma gobarar kasuwa ce ta yanke shi. Muddin rumfarsa na tsaye, babu wanda ya iya tanƙwara shi. To, mazajen da rumfarsu ba ta ƙone ba fa? Su ne suka fi yawa, a kansu kuwa littafin ya yi shiru.

Daga baya, da Abdu ya tsiyace, maza suka taru suka shirya komawar Rabi ɗakinta, ba da son ranta ba. Waɗansu sun karanta wannan a kan sulhu. Ga alama marubuciyar da gangan ta bar shi da ɗaci, gama matar da aka kora lokacin wadata ita aka kira ta ciyar da mijin da ya kore ta.