Masassaƙan Goge na Garin Kiremona

Matafiyin da ya bar Milan a mota ya nufi kudu maso gabas, ya ratsa gonakin kwarin kogin Po, zai iso Kiremona bayan awa ɗaya da 'yan mintoci. A nan aka haifi mawaƙi Claudio Monteverdi a 1567, ga kuma Busseto, ƙasar su mawaƙi Giuseppe Verdi, can ƙetaren kogi. Amma abin da ke tsayar da baƙo shi ne ƙamshin katako da gam daga ƙananan shaguna, inda ake sassaƙa gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda Italiyawa ke kira violino. Andrea Amati ne ya kafa sana'ar a ƙarni na 16. Antonio Stradivari ya kai ta ƙololuwa, bai kuma ajiye wuƙa ba har ya haura shekara 90, ya rasu a 1737. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar cikin kayan gadon duniya.

Daga daji aikin ke farawa. Fuskar gogen ana yin ta da wani icce mara nauyi da ke fitowa a kwarin Fiemme, cikin duwatsun arewacin Italiya, inda sanyi ke hana bishiya saurin girma, layukan jikinta su jeru kusa da kusa. Baya da gefuna kuwa iccen acero ne, mai tauri, mai zane kamar harshen wuta. Ana tsaga gungumen yadda ake ɓare lemo, a jingine shi shekaru yana shan iska. Mai gaggawa tun a nan yake faɗuwa.

Sai masassaƙi ya ɗauko allon awo da suke kira forma, wato ƙirar cikin gogen. Ya fere katakon gefuna har kaurinsa ya dawo kusan milimita 1, ya ɗan jiƙa shi, ya lanƙwasa a jikin ƙarfe mai zafi. In zafi ya yi yawa ya ƙone, in hannu ya matsa ya karye. Gam ɗin na fatar dabba ne, ana narka shi da ɗumi, domin ko bayan shekara ɗari mai gyara ya iya buɗe gogen ba tare da ya fasa shi ba.

Fuskar ita ce gwajin gwani. Yakan haɗa tsagi biyu na icce ɗaya, ya sassaƙa bayansu ya yi tudu, ya rarake ciki. Yana farawa da babban ƙarfe, ya koma ga 'yan ƙananan da ba su wuce kan yatsa ba, ya ƙare da makankari mai ɗebe katako kamar ƙura. Kaurin da yake nema bai wuce milimita 3 ba. Jifa-jifa zai tsaya, ya riƙe katakon da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa kusa da kunnensa, ya murɗa shi a hankali ya ji yadda yake bayarwa. Kowane icce da halinsa, kuma abin da wuƙa ta cire ba ya komawa. Daga nan ya yanka kafofi biyu masu siffar harafin f, ya manna doguwar sanda a ciki don ta tallafi tsirkiya mai kaurin murya. Sai shafe da mai da ƙaro, shafi bisa shafi, kowanne sai ya bushe.

Abu na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta: wani ɗan tsinken icce da suke kira anima, ma'ana rai. Ta cikin kafar f ɗin nan ake zura shi da lanƙwasasshen ƙarfe, a tsayar da shi tsakanin fuska da baya, ba gam ko ɗigo. Shi ke kai motsin tsirkiya zuwa bayan gogen. A gusa shi kamar faɗin gashi, murya ta sauya.

Sannan a ɗauko baka mai izgar doki, a goga mata ƙaro, kamar dai yadda mai goge ko kukuma yake yi a ƙasar Hausa. Masassaƙi ya ja ta sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare. In muryar ba ta kwanta masa ba, sai ya sassauta tsirkiya, ya sake ɗaukar ɗan ƙarfensa.